Sawu a Hoshin Malam Yabani

Aikin farko da Malam Yabani ya ba ni shara ne. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ƙato da ni, ina ɗaukar buhun shinkafa daga kasuwa har saman dutse ban sauke ba. Na je wurinsa ne don ya koya mini yadda ake kayar da mutum, sai ya miƙo mini tsintsiyar kaba da garwar ruwa. A tsakiyar hoshinsa, wato filin da aka kewaye masa da katanga, akwai wani wuri mai tsawon taku goma sha biyu, an zuba masa yashi tankaɗaɗɗe. Ya ce in yayyafa ruwa, kada ya jiƙe sharkaf, kada kuma ya bushe, sannan in share har ya yi sumul. Sau uku ina yi yana girgiza kai. A na huɗu ya taka da ƙafarsa, ya sunkuya ya duba sawun, ya ce, "Tayyib," wato ya yi kyau. Wata biyu ina wannan aikin kafin ya bari na taɓa ƙarfe.

Na fara da wannan ne saboda ku samarin unguwar Mansur, masu zuwa nadi, gidan motsa jiki, kuna ɗaga ƙarfe a gaban madubi fanka tana kaɗa ku. Kowa ya yi wata shida, damtse ya ɗan tasa, sai ya ce shi ma zai buɗe nasa wurin ya riƙa horar da mutane. Kun ɗauka sana'ar ihu ce, a tsaya a kan mutum a ce yalla, ƙara ɗaya. Ihu ai ko mai tallan ruwa ya iya. Aikin mai horarwa shi ne ya dubi mutum ya san abin da jikinsa zai ɗauka da wanda ba zai ɗauka ba, sannan ya buɗe baki ya faɗa masa. Duban ana koyonsa a shekara uku ko huɗu. Faɗar kuwa, ni sai da ƙafar kawuna ta tafi kafin na iya.

Malam mutumin Japan ne, shi ya sa ake ce masa Yabani, kamar yadda Larabawa suke kiransu. Sunan da ya ɗauka da ya musulunta Ilyasu, na gida kuwa bakinmu bai taɓa iya riƙe shi ba. Gajere ne, kansa bai wuce kafaɗata ba, amma wuyansa da kansa kusan faɗinsu ɗaya. Ɗan masu dako ne a wani gari na bakin teku. Tun yana saurayi ya shiga gina jiki da ƙarfe, har ana hawar da shi dandamali daga shi sai ɗan kamfai, a shafe shi da mai, yana murɗa damatsa jama'a suna tafi. Yana da hoton wancan zamanin guda ɗaya a ƙasan akwati. Sau ɗaya ya nuna mini, kunya ta kama shi, ya mayar da sauri. Daga baya ya koyi kokawar ƙasarsu, wadda ake yi da riga mai kauri ana cafkar wuyanta da hannunta, har ya kai yana koyar da 'yan sanda. Aikin jirgin ruwa ya kai shi ƙasar Jawa, ya zauna da Musulmi ya karɓi addini, ya biyo alhazansu ya zo Hajji 'yan shekaru kafin babban yaƙin duniya. Da aka gama aikin Hajji ya ce shi ba inda za shi.

Mu Takari a lokacin muna unguwar Jarwal, cikin bukkokin da muka yi da buɗaɗɗun garewani. Sana'armu duk ta ƙarfi ce, dako da ɗiban ruwa da fasa dutse. Mafi daraja a ciki ita ce shibriyya. Wani ɗan gado ne na katako da igiya mai dogayen sanduna biyu, ana ɗora tsoho ko mara lafiya, mutum huɗu su ɗauka a ka su yi masa ɗawafi da Safa da Marwa. Babba a cikin masu ɗaukarmu shi ne Kawu Tanko, wan mahaifiyata. Gaba-dama wurinsa ne shekara da shekaru, shi yake buɗe hanya yana "Tarig, tarig!" Shi ya saɓo ni a wuya muka ratsa Sudan bayan mahaifina ya rasu a hanya, kuma a ɗakinsa na girma.

Malam yakan zauna a gindin Safa yana kallon masu ɗauka. Wata rana ya tare Kawu da gurguwar Larabcinsa, ya nuna wani mutum a cikin tawagarsa ya ce wannan kafin baɗi bayansa zai ƙare. Kawu ya ce Allah ya kiyaye bakin nan naka. Ba a yi wata huɗu ba mutumin ya kwanta. Daga nan ne shehun masu shibriyya, Balaraben da yake raba wa kowace ƙabila wurin tsayawarta, ya sa aka ba Malam hoshin nan a Jarwal. Dokar da aka yi ita ce duk Batakarin da zai ɗauki alhaji sai Malam ya duba shi ya ce ya yarda.

Kayan aikinmu da za ku gan su dariya za ku yi. Ƙarfen ɗagawa gatarin wata matacciyar mota ne da Malam ya jawo daga hanyar Jidda, aka zura masa duwatsun niƙa irin na Larabawa, masu rami a tsakiya, biyu nan biyu can. Sai garewani cike da yashi, da igiyar rijiya da aka ɗaura a reshen wata bishiya. Rigunan kokawa da tsumman jirgin ruwa aka ɗinka su, in sabuwa ce sai ta ɗaye maka fatar wuya. Wurin faɗuwa kuma buhuna ne aka cusa musu garin katako daga wurin kafintoci, kowace Juma'a a fito da su a shanya saboda kuɗin cizo. A makon farko ya koya mana mu sunkuya wa juna kafin a kama kokawa, kamar yadda suke yi a can. Wani dattijo ya leƙo ta katanga ya ce masa a garin nan ruku'u na Allah ne kaɗai. Fuskar Malam ta yi ja, ya ce gaskiya ne, jikinsa ne ya riga shi. Tun daga ranar sai dai a dafa ƙirji a yi sallama.

Abin da ya fi ba shi wahala da mu shi ne koyon faɗuwa. A kokawarmu ta gida, da bayanka ya taɓa ƙasa an gama da kai, har mata su yi maka waƙa. Ga wani gajeren baƙo yana cewa mu kwanta da gangan sau hamsin kowace safiya, mu doki buhu da hannu, mu naɗe haɓa a ƙirji.

Kawu ya ce, "Ni Tanko, da gemuna, in riƙa birgima a gaban 'ya'yan cikina? Ya Mu'allim, ka nemi wani."

Malam ya ce, "Tayyib. Kama rigata, Baba Tanko. In ka kayar da ni, babu faɗuwa."

Kawu ya cafke shi da hannu biyu. Ni dai ban ga abin da ya faru ba, sai ganin tafin ƙafar Kawu na yi a sama. Da ya sauka Malam yana riƙe da hannun rigarsa, don haka bai bugu ba. Ya daɗe a kwance yana kallon sama, sannan ya fashe da dariya ya ce a sake, bai ga ta inda aka bi ba.

Akwai faɗuwa ta musamman da Malam ya ƙirƙiro wa masu shibriyya. Mutum in ƙafarsa ta ci amanarsa, abin da jiki yake so shi ne ya kauce daga ƙarƙashin kaya. In ka kauce, alhaji da ka zai zo ƙasa, a kan dutse. Don haka ba a kaucewa. Hannu biyu za ka sa a ƙarƙashin sanda ka tura sama, ka sauka a miƙe kan gwiwoyinka, ka yi ihu "Ƙasa!" don sauran ukun su durƙusa tare da kai. Da buhunan yashi muke gwadawa, har sai mutum ya yi ba tare da tunani ba.

Shi kuwa yashin da nake sharewa, shi ne ma'aunin. Kafin kowane Hajji, mutum zai ɗora buhu mai nauyin rabonsa na shibriyya, ya taka taku goma sha biyun nan ba takalmi. Malam ya tsuguna ya karanta. Mai lafiya sawunsa biyu zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Mai ɓoye ciwon baya takunsa gajeru ne. Mai ciwon gwiwa diddigensa ɗaya ba ya nutsewa, yatsun su karkace waje, kuma sai ka ga ɗan jan yashi inda ya kasa ɗaga ƙafar sosai. Mutum zai rantse maka lafiyarsa ƙalau, ya yi tsalle a gabanka, amma a ƙarƙashin buhu ba ya iya hana ƙafarsa rubutawa. Shekara huɗu ina tsugune a gefen Malam, yana nuna mini da tsinke, kafin ya fara tambayata me na gani.

Sai yaƙi ya zo. Jirage suka rage zuwa Jidda, wata shekarar kamar an ɗauke alhazai da hannu. Ka shiga Harami da rana ka riƙa jin takun mutum ɗaya a wurin ɗawafi. Hatsi ya yi wuya, mu da muke cin gumin kafaɗa muka rasa abin ɗauka. Wasu suka koma Sudan, wasu suka shiga duwatsu neman itace. Busasshiyar gurasa da shayi ba sukari, in an sami fara ranar an yi biki. Malam kuma ga nasa tsoron daban, don ƙasarsa tana cikin yaƙin, ana ta raɗe-raɗin za a kama irinsu. Ya daina zuwa Jidda, in an ƙwanƙwasa ƙofar hoshi sai ya dube ni in je in ga ko wane ne. Ya hana ɗaga ƙarfe gaba ɗaya, ya ce mai yunwa in ya ɗaga nauyi naman jikinsa yake ci. Miƙa jiki kawai muke yi da jan numfashi. Gatarin motar nan ma a ƙarshe wani maƙeri ya tafi da shi, aka ba mu rabin buhun gero. Ina kallon damatsan da aka taɓa yi wa tafi suna zubewa, har fatar ta riƙa reto.

Da yaƙi ya ƙare alhazai suka dawo da yawa, kuma tsofaffi sun fi yawa, waɗanda suka yi shekaru suna jira. Mu kuwa duk mun rame. Shehu ya tara manyanmu ya ce ya san halin da jikin kowa yake ciki, amma ba zai ɗauki zancen an yar da baƙon Allah ba. Duk ƙabilar da alhaji ya taɓa ƙasa a hannunta, ta bar wurinta ke nan, akwai masu jira. A daidai lokacin ne wani alhajin Jawa ya kawo wa Malam labarin garinsu, cewa wuta ta cinye shi daga sama, unguwar da ƙanwarsa take babu ko bango. Ya aika wasiƙa, ba amsa. Bai yi kuka a gabanmu ba. Sai dai ya riƙa zama yana fuskantar katanga, carbi a hannu. Ranar awo ya miƙo mini tsintsiya da tsinke ya ce, "Hamidu, bana kai." Ya koma ya ba mu baya.

Hantsi ya ɗaga, mutum wajen talatin a hoshi. Na duba goma sha ɗaya, na cire biyu, ba su ji daɗi ba amma sa'o'ina ne, suka zage ni suka fita. Na sake share yashi, Kawu ya ɗora buhu. Tafiyarsa a ido ba laifi, ƙirji a gaba, har yana tsokanar na gefe. Na tsuguna. Diddigen hagu bai shiga ba ko rabin na dama. Yatsun sun kalli katanga. Tun daga taku na biyar ga jan yashin nan, siriri, har ƙarshe. Irin sawun da ko ranar farko aka nuna maka za ka gane shi.

Na ɗago, Kawu yana tsaye a ƙarshen yashi bai sauke buhun ba, ya kafe ni da ido. A gidansa akwai matarsa da 'ya'ya mata uku da mahaifiyata, kuma na san abin da suka ci a shekarun nan, don tare muka ci. Ga mutane suna jira.

Kawu ya ce, "Yaya, ɗan nan? Me ƙasa ta ce?"

Ku da kuka tashi a nan kuna ce wa iyayenku la'a, wato a'a, kai tsaye ba za ku gane ba. A tarbiyyar da aka yi mana, ko sunan Kawu ba na faɗa a gabansa. In tashi a cikin taro in ce masa ya gama, bakina ya ƙi.

Na ce, "Lafiya lau, Kawu."

Na ɗauki tsintsiya na share da sauri, kafin wani ya matso. Na waiwaya wajen Malam, yana nan yadda yake, yana kallon katanga.

Sai na shiga dabara, kuma dabarar mai tsoro ba ta da kyau. Na sa kaina a tawagar Kawu, baya-dama, daidai bayansa a sanda ɗaya. Na ƙara wa gammona kauri yadda sandar za ta fi zama a kaina ta ɗan sassauta masa. Sannan na riƙa zaɓar mana mata. Dalili kuwa, tsakanin Safa da Marwa akwai korayen alamomi biyu inda maza suke sassarfa, mata ba sa yi. In tsohuwa ce a sama, tafiya kawai za mu yi a hankali. Kwana tara muna haka. Kullum in muka sauke sai in saci kallon gwiwar, kullum ta fi jiya kumburi, shi kuma yana saukar da zanensa yana rufe ta. In aka ce Kawu yana kira sai in yi ta jan ƙafa kafin in je.

Rana ta goma, bayan azahar, layi ya zo kanmu babu mace ko ɗaya. Wani tsoho ne daga ƙasar Indiya, mai jiki sosai, ƙafafunsa sun kumbura ba ya iya tsayuwa. Na nemi mu yi musaya da tawagar baya, Kawu ya harare ni ya ce yaushe muka fara zaɓen baƙin Allah. Muka ɗauka. A wancan zamani Safa da Marwa titi ne, shaguna dama da hagu, an shimfiɗa duwatsu da suka goge suka yi santsi, jama'a suna ratsawa da kaya har da jakuna. Jagoran alhajin yana gaba yana karanta addu'a.

Da muka iso alamar farko na ce wa jagoran ya gaya masa wanda aka ɗauka ba dole ba ne a yi sassarfa da shi. Tsohon ya ji, ya fara dukan sanda da tafin hannu yana kuka. Jagoran ya ce wai shekara bakwai yana jiran jirgi, ba zai koma gida ya bar sunna ko ɗaya ba. Kawu ya ce, "Gaskiyarsa. Yalla, ya shabab!" Ya ɗaga ƙafa.

A nan na gane abin da na yi. Kaurin gammon nan yana taimako in ana tafiya. A sassarfa kuwa sandar tana tashi daga kan Kawu ta dawo ta doke shi a kowane taku, kamar taɓarya, kuma duk dukan a ƙafar hagun yake sauka. Ba halin in tsaya in gyara, alhaji yana sama. Na baya ba ya ganin hanya, ƙafafun na gaba kawai yake gani. Zuwa na farko diddigen yana taɓa ƙasa. A na biyu ya daina, a kan yatsu yake. A na uku na ga gwiwar tana kaɗawa gefe kafin ta tsaya. Da muka juya a Marwa na ce a hankali, "Kawu, mu sauke mu sha ruwa." Bai waiwayo ba, ya ce, "Rufe mini baki, ka riƙe sandarka."

Na huɗu da na biyar ban san yadda suka wuce ba. Ya daina cewa tarig, numfashinsa kawai nake ji, zufa tana bin ƙafar har tana barin alama a dutse. Ina ta lissafin inda kan tsohon zai bugu in muka karkace dama, ga bakin dakalin wani shago, ga dutse. Ina addu'a ba na ma sanin me nake cewa.

A na shida, muna dawowa wajen Safa, saura taku kaɗan mu fita daga alamar, na ji ƙara kamar an karya ɗanyen kara. Kawu ya yi ihu, "Ƙasa!" Hannuwansa biyu suka tashi suka tura sandar sama, shi kuma ya sauka a miƙe kan gwiwoyinsa, a kan dutsen nan, da dukan nauyin. Mu uku muka durƙusa tare. Shibriyya ta karkace, tsohon ya zame har ƙafarsa ɗaya ta leƙo, ya ƙanƙame igiya yana salati. Bai taɓa ƙasa ba. Kawu yana durƙushe, hannuwa a sama, bai saki ba sai da mutane suka karɓa.

Ban san Malam yana gindin Safa ba sai da na ga ya ratso jama'a. Ranar ce farkon fitowarsa tun zuwan labarin garinsu. Ya taɓa gwiwar Kawu sau ɗaya, ya dube ni. Ya ɗauki gammon Kawu, ya naɗe rawaninsa ya ɗora a kai don tsawonsa ya kai namu, ya shiga gaba-dama. Da shi muka ƙarasa na shida muka yi na bakwai, har da sassarfar.

Maɗori ya zo gida ya duba, ya ce ba irin karayar da ake ɗorawa ba ce, jijiya ce ta tsinke, ƙoƙon gwiwar ma ya fashe. Washegari shehu ya zo da kansa, aka zauna a ƙofar ɗakin da Kawu yake kwance. Malam ya tambaye ni a gaban kowa.

"Hamidu, ka gani a yashi?"

Na ce, "Na gani, Malam."

Kawu ya ɗaga murya daga ciki. "Ku ƙyale yaron nan. Na san ya gani. Ni na tsare shi da ido, ni na rene shi, na san ba zai iya ba."

Malam ya juya wajen shehu ya ce, "Ya Shaikh, ni na ba shi tsintsiya na juya baya. Laifin a wurina yake."

Shehu ya ce tunda alhaji bai taɓa ƙasa ba, Takari suna nan a wurinsu, amma gurbin Tanko za a ba wani. Malam ya ce gurbin nasa ne, shi zai ɗauka, abin da aka samu kuma gidan Tanko za shi. Shehu ya ce to hoshin fa, wa zai riƙa duba mutane? Malam ya nuna ni. Shehu ya ce wanda ya share sawun? Malam ya ce, "Ya yi sau ɗaya, yana baya ya ga abin da ya biyo. Wanda za ka kawo bai gani ba tukuna."

Haka mutumin da ya koyar da 'yan sanda a ƙasarsu ya koma ɗan dako yana da shekara fiye da hamsin. Kafinta ya yi masa ɗan katako da ake sawa a cikin gammo don ya daidaita da dogaye. Kawu bai sake tafiya ba sanda ba, a ƙofar gida yake wuni yana saƙa igiyar shibriyya, kullum da la'asar Malam ya biyo ya ajiye cefane su sha shayi. Ni kuma na riƙe hoshi. Na cire mutane da yawa a shekarun nan, har da waɗanda suka girme ni, wasu har suka mutu ba su sake amsa sallamata ba. Ban taɓa jin daɗin faɗa ba ko sau ɗaya.

Malam yakan shiga layi ranar awo kamar kowa. Shekara shida ina duba shi ina cewa ya wuce. A ta bakwai, shekara biyu kafin rasuwarsa, ya ɗora buhu ya taka, na tsuguna. Diddigen dama ne. Na daɗe ina kallo, ina neman wata fassarar.

Ya ce, "Hamidu, rana tana yi."

Na miƙe. Na ce, "Malam, ƙafar dama ta gama. Bana ba za ka ɗauka ba."

Ya sauke buhun a hankali, ya zo ya tsuguna a gefena, ya auna zurfin sawun da ɗan yatsa. Ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Tun bara take haka. Bara ba ka gani ba. Ka ƙara kula."

Na tsaya ina tuno tsofaffin da ya ɗauka bara da izinina, ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya cire ɗan katakon daga cikin gammon, ya miƙo mini gammon, ya ce gurbin nawa ne yanzu, in hanzarta in sami layi, gidan Tanko suna jiran cefane.